Yadda na nemo wa duƙushina mai horo, da abin da na gani a hannun masu hanyoyi daban-daban

Duk wanda ya mallaki duƙushin da ba a taɓa ɗora wa sirdi ba zai sha shawara har ta yi masa yawa, kuma kowane mai shawara yana da mai horon da yake rantsuwa da shi. Wani zai ce doki ba ya jin magana sai an karya masa girman kai tun ranar farko. Wani zai ce wannan zalunci ne, a bi shi da yaren da dawaki ke yi wa junansu. Na uku kuma zai ce duka biyun sun tsufa, a koya masa komai da lada na abinci. Na bi wannan hanya daga farkonta har doki ya dawo hannuna ana hawansa, kuma ina rubuta yadda ta kasance bi da bi ne domin wanda zai bi ta bayana ya san abin da zai tarar, da tambayoyin da ya kamata ya riƙe kafin ya miƙa ragamar dabbarsa ga wani.

Matakin farko shi ne likitan dabbobi, tun kafin in taka bargar kowane mai horo. Dokin ya ɗan haura shekara 3 a lokacin. Sai da na jira kafin likitan ya sami lokaci, domin na nemi cikakken bincike ne. Ya sa aka ja dokin a tafiya da sassarfa a kan ƙasa mai tauri yana kallon ƙafafunsa, ya lanƙwasa kowace gaɓa ya riƙe na ɗan lokaci sannan aka sake jan sa don a ga ko zai yi ɗingishi, ya shafa bayansa, ya saurari zuciyarsa, wadda a doki mai lafiya da ke hutawa takan buga tsakanin sau 28 zuwa 44 a minti guda. A baki ya fi daɗewa. Ya nuna mini wasu ƙananan haƙora guda biyu a gaban turamen sama, daidai inda ƙarfen linzami zai zauna, ya ce gara a cire su a bar dasashin ya warke kafin a sa masa komai a baki. Ya kuma yi mini bayanin cewa daga shekara 2 da rabi zuwa wajen shekara 5 doki yana famfarar haƙora, saboda haka bakinsa zai riƙa yin tsami lokaci zuwa lokaci. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne maganar ƙashi. Ƙasusuwan ƙafa suna gama ƙosawa da wuri, amma na gadon baya, inda mahayi ke zama, ba sa kammala girma sai doki ya kai shekara 5 zuwa 6. Ya ce, “Malam, ana iya fara shi yanzu, amma da aiki mara nauyi, kuma duk wanda ya ce maka zai sa shi sukuwa kullum a wannan shekarun, ka ɗauke dokinka.” Na fita daga hannunsa da katin rigakafin cutar sarƙe-haƙora da murar dawaki, da takardar shaidar lafiya. Kuɗin wannan bincike bai kai na wata guda a wurin mai horo ba, kuma kowace barga mai tsari da na je daga baya sai da ta nemi ganin takardun nan.

Yayin da dasashin ke warkewa na zauna karatu, kuma karatun ya ƙara mini ruɗani kafin ya rage shi. Na gano cewa gardamar tsohuwa ce ƙwarai. Zenofon, wani jarumin Girka da ya rayu fiye da shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa, ya yi rubutu yana hana a taɓa doki cikin fushi, yana kuma ba da shawarar a nuna wa doki mai tsoro abin da yake tsoro a hankali maimakon a doke shi. A 1858 wani Ba'amurke mai suna John Rarey ya yi suna a Ingila da ya lallashi wani ingarma mai faɗa, kuma dabararsa ita ce ɗaure ƙafar gaba ɗaya har doki ya kwanta. A zamaninsa ana ganin wannan tausayi ne idan aka kwatanta da duka, yau kuwa masu horo da yawa ba za su yarda da ita ba. A ƙarni na 20 aka sami Tom Dorrance da Ray Hunt a yammacin Amurka, waɗanda suka yaɗa koyarwar sauƙaƙa wa doki abin da ake so da wahalar masa da abin da ba a so. Monty Roberts kuma ya shahara bayan ya nuna aikinsa a gaban Sarauniyar Ingila a 1989. A can gefe guda akwai tsohuwar makarantar hawan doki ta birnin Biyana a Ostiriya, inda ba a fara ingarma sai ya kai wajen shekara 4, kuma ana shafe shekaru kusan 6 kafin a ce ya gama. Kowane ɓangare yana da dawakin da zai nuna a matsayin hujja. Ganin haka na yanke shawarar in je in kalli aikin kowa da idona.

Mai horo na farko da na ziyarta shi ne wanda aka fi yaba mini da sauri. Ya ce in ba shi wata guda, zan karɓi doki da sirdi da linzami wanda yaro ma zai hau. Kuɗinsa shi ne mafi sauƙi cikin duk waɗanda na gani. Ya yarda na kalli wani duƙushi da ke hannunsa. An ɗaure shi gajere a turke, an rataya masa buhunan leda masu ƙara a jiki, aka bar shi yana tutsu yana fizga har gumi ya jiƙe shi, sannan ya tsaya cak, kansa a ƙasa, idanunsa a buɗe amma ba ya kallon komai. Mai horon ya ce, “Ka gani, ya sallama.” Ba zan ce mutumin mugu ba ne. Jarumi ne a kan sirdi, dawakinsa suna da ƙiba, kuma haka ya gada daga waɗanda suka koya masa. Sai dai tsayuwar nan ta dame ni, domin akwai bambanci tsakanin dokin da ya daina jin tsoron abu da dokin da ya gane cewa babu abin da zai yi ya kuɓuta. Na biyun yana nan da tsoronsa a ciki, kuma yakan fito wata rana a inda ba a zata ba. Da na tambaya ko zan iya kasancewa a wurin a kwanakin farko na nawa dokin, sai ya ce ba ya son mai doki a kusa a lokacin, domin tausayi yana ɓata aiki. Wannan amsa ta ishe ni.

Na biyu yana aiki ne a cikin zagayayyen shinge, ba bulala, ba dabaibayi. Ya saki wata goɗiya a ciki, ya kora ta da igiya tana zagayawa, har ta fara juyo da kunne ɗaya gare shi, tana sunkuyar da kai tana motsa baki. Nan take ya juya mata kafaɗa ya daina kora, sai ga ta tana biye da shi duk inda ya sa ƙafa. Abin yana da ban sha'awa a ido, kuma na ji shi har cikin zuciyata. Bayaninsa shi ne ta karɓe shi a matsayin shugaban garke. Daga baya na karanta cewa masu bincike a Jami'ar Sidni ta Ostireliya sun gwada irin wannan da motar wasan yara mai tafiya da rimot, suna matsa wa doki da ita, suna janye ta idan ya juyo, kuma dawakin suka koyi matsowa kusa da motar. Mota ba ta da yaren dawaki, ba ta kuma shugabantar garke. Abin da ke aiki shi ne matsi da sakinsa a daidai lokaci. Wannan bai rage ƙwarewar mutumin a idona ba, domin sakinsa yana zuwa a kan kari, amma ya nuna mini cewa kora a cikin shinge ita ma matsi ce, kuma a hannun wanda bai iya ba tana zama guje-guje da tsoro da nauyi a kan gaɓoɓin duƙushi mai zagaya ƙaramin fili. Kuɗinsa ya kusa ninka na farko, kuma sharaɗinsa ne in sayi ragama da igiya da sanda irin nasa daga wurinsa.

Ta uku mace ce mai horo da lada. Tana riƙe da wata 'yar na'ura mai ƙara kas, tana danna ta a daidai lokacin da doki ya yi abin da take so, sannan ta ba shi ɗan abinci. Na ga dokin da a da ba ya yarda a taɓa masa kunne yana sa kansa cikin ragama da kansa, na kuma ga wani yana shiga motar ɗaukar dawaki babu mai jan sa. A ɗaga kofato, a tsaya wa allura, a karɓi maganin tsutsa, ban ga hanyar da ta kai tata ba. Na tambaye ta game da abin da ake zargin hanyar da shi, cewa doki yakan koma cizo da tura mutum don neman abinci. Ta ce gaskiya ne idan mai shi bai iya ba, kuma darasin farko da take koyarwa shi ne doki ya kau da kai daga aljihu kafin ya sami komai. Ta kuma faɗa mini ba tare da ɓoyewa ba cewa a kan sirdi ita ma tana amfani da matsin ƙafa da na igiya, kuma aikinta yana ɗaukar lokaci mai tsawo, sannan dole duk wanda zai riƙa kula da dokin bayan ya dawo ya koyi tsarin. Wannan ne ya hana ni ba ta shi gaba ɗaya, domin ba ni kaɗai ke taɓa shi ba.

Wanda na zaɓa a ƙarshe dattijo ne da ba ya kiran hanyarsa da kowane suna. Da na tambaye shi wace makaranta yake bi, sai ya ce in zauna in kalla, in kuma sa ido a kan hannunsa, kada in kalli dokin. Yana koya wa wani duƙushi ja da baya. Ya ɗan danna igiyar ragama da yatsu biyu ya jira, bai ƙara ƙarfi da sauri ba, kuma da zarar dokin ya karkata nauyinsa baya, tun ƙafar ba ta ɗaga ba, ya saki igiyar gaba ɗaya ya sosa masa wuya. A karo na gaba ya jira taki ɗaya. Cikin 'yan mintuna taɓawa kaɗan ta isa. Ya ce, “Ɗana, doki a sakin yake koyo. In ka makara da saki, ka hukunta shi a kan daidai.” Na ce, “Baba, in ya ƙi fa?” Ya ce sai ya duba ko tsoro ne, ko ciwo, ko rashin fahimta, kuma a cikin ukun babu wanda bulala ke warkarwa. Yana riƙe bulala doguwa, amma don taɓawa da nuni. Na nemi ganin dawakin da suka bar hannunsa tun da daɗewa, ya haɗa ni da masu su ba tare da jinkiri ba, kuma ya ce ƙofarsa a buɗe take kowace rana. Abu ɗaya ne ya yi mini nauyi, bargarsa a cike take, sai da na shiga layi na jira wani doki ya fita.

Kafin in kai shi muka rubuta yarjejeniya, kuma a nan nake roƙon mai karatu ya natsu. Kuɗin horo daban ne, kuɗin masauki da ciyarwa daban, gyaran kofato da likita kuma a kaina suke. Mun rubuta cewa ana biya wata-wata, kuma ina da ikon ɗauke dokin a ƙarshen kowane wata. Mun rubuta wanda zai hau shi, domin a wasu bargogi sunan maigida ake saya amma yaransa ke aikin. Mun rubuta cewa ba za a ba shi maganin kwantar da jiki ba sai da izinin likita da sanina, da wanda za a kira idan ciwon ciki ya kama shi da dare, da iyakar kuɗin da za a iya kashewa a gaggawa kafin a same ni. Na haɗa kwafin katin rigakafi da takardar lafiya, na ɗauki hotonsa ta kowane gefe a ranar da na miƙa shi. Dattijon ya ƙi rubuta ranar gamawa. Ya ce zai faɗa mini abin da dokin ya iya a ƙarshen kowane wata, in ga ko kuɗina yana aiki.

Kwanakin farko ba a yi masa komai ba sai sabo da wurin, an ware shi daga sauran dawaki saboda kariya daga cuta, ana fitar da shi kiwo. Daga nan aka shiga ja da tsayawa da ja da baya da matsar da ƙugu gefe, duk daga ƙasa. Doki yana gani kusan ko'ina a kewayensa in ban da daidai gaban goshinsa da daidai bayansa, saboda haka dattijon ya daɗe yana saba masa da mutum yana wucewa daga ido ɗaya zuwa ɗaya, da kuma mutum a sama da shi, yana tsayawa a kan dakali yana shafa bayansa. An ɗora jalala an sauke sau da yawa kafin sirdi, an ɗaure majayi sako-sako kafin a ƙara. A nan na sha wahalar haƙuri. Wani abokina da ya kai nasa duƙushin wurin mai horo na farko ya riga ya fara kilisa, ni kuwa ina biyan kuɗin wata na biyu ba a ko sa ƙafa a likkafa ba. Ana cikin haka dokin ya fara kwantar da kunne yana kai cizo idan an zo ɗaure majayi. Na tabbata a wani wurin da an kira wannan taurin kai. Dattijon ya dakatar da aiki ya ce a kira likita, aka sami alamun gyambon ciki, wanda yake yawan kama dawakin da aka sauya wa wuri aka rage musu kiwo, domin cikin doki yana zubar da ruwan narkar da abinci dare da rana, kuma an halicce shi ne ya yini yana tsinkar ciyawa. Magani da ƙarin ciyawa suka ci kuɗi da lokaci, amma cizon ya tafi tare da ciwon. Ranar hawan farko ba ta da wani abin kallo. Yaron dattijon ya kwanta da ciki a kan sirdi, ya sauka, ya sake, sannan ya zauna, aka ja su 'yan taki da ragama kawai. Linzami ya zo daga baya, bayan dokin ya riga ya san juyawa da tsayawa.

A bargar nan na ji gardama mafi zafi, tsakanin masu dawaki da ke zuwa kallo, a kan ɗaure kan doki da igiyoyi don wuyansa ya lanƙwashe ya yi kyau. Masu goyon baya suna cewa manyan mahaya na duniya ma suna yi. Gaskiya ne an yi, kuma abin ya jawo ce-ce-ku-ce har hukumar wasannin dawaki ta duniya, FEI, ta bayyana a 2010 cewa ba ta yarda da lanƙwasa wuya da ƙarfin tsiya ba, ƙasar Suwizalan kuma ta haramta shi a dokarta daga 2014. Ƙungiyar masana kimiyyar hawan doki ta duniya, wadda aka kafa a 2007, tana koyar da cewa a ba doki umarni ɗaya a lokaci ɗaya, kada a ja linzami ana kuma zungurin sa da ƙafa, kuma a bar sararin yatsu biyu a ƙarƙashin maɗaurin hanci. Dattijon bai taɓa karanta waɗannan ba, amma abin da hannunsa ke yi ke nan.

Kashi na ƙarshe na aikin a kaina aka yi shi. Ya ƙi sallamar dokin sai na zo na hau a gabansa sau da dama, yana gyara mini hannu, yana cewa in saki da wuri, in daina riƙe numfashi, in daina matse gwiwa idan na tsorata. Ya auna mini sirdina a bayan dokin ya ce a sake dubawa nan da 'yan watanni domin jikinsa zai sauya. Ya ce kilisa gajera, tafiya ta fi sassarfa yawa, a guji ƙananan zagaye, a ba shi hutu mai tsawo bayan ya saba.

Daga abin da na gani, sunan hanya ba ya gaya wa mai doki abin da za a yi wa dabbarsa. Dukkan mutane huɗun nan, har da mai lada, suna amfani da matsi ta wata fuska. Bambancinsu yana cikin yawan matsin, da saurin sakinsa, da abin da suke yi idan doki ya ƙi. Wanda zai nemi mai horo ya fara da likita, ya kalli aikin da ake yi wa dokin wani kafin nasa, ya nemi ganin dawakin da suka fita tun shekara guda ko fiye, ya tambaya ƙarara me ake yi wa dokin da ya turje, ya kuma guji duk wanda ya rufe masa ƙofa ko ya yi masa alkawarin rana. Ya dubi idon dokin da aka nuna masa da kunnensa, domin doki mai natsuwa yana kallon abubuwa yana motsa kunne, wanda ya fid da rai kuwa tsayuwa kawai yake yi. Ya kuma ware kuɗi fiye da na horon kansa, saboda likita da kofato da sirdin da ya dace da darussan mahayi.

A kan lada na abinci har yanzu ra'ayina ya saɓa da na dattijon. Shi yana ganin susa da hutu sun isa, kuma ba ya son a ba doki komai daga hannu. Ni kuwa bayan dokin ya dawo na koma wurin matar nan ta koya mini tsarinta, na yi amfani da shi wajen shiga mota da tsayawa wa allura, abubuwa biyu da ya rage yana tsoro. A kan sirdi ina bin koyarwar dattijon kamar yadda ya ba ni, kuma zan mayar masa da dokin idan ya cika shekara 5 domin a fara masa aiki mai nauyi.